Mutumin da Ya Jira Gwamnati Ta Yanka Ɓauna

Yayana Selutan Parir mai dafa gishiri ne a Long Siwang, kuma duk tsaunukan nan namu ban san wanda ya kai shi taurin kai ba. Ya rasu da daɗewa, amma har yau in na tuna shi raina ne ke fara ɓaci kafin tausayi ya biyo baya. Mutum ne da matarsa ke raye, tafiyar wuni guda ce tsakaninsu, amma ya yi kusan shekara talatin bai hau tsanin shiga gidan da take ba. Ba saki ba, ba faɗa ba, ba kuma wata ya gani ba. Jira yake yi.

Ni ce Ruran, ƙanwarsa da ke bi masa. Tun muna yara haka yake, komai sai an yi shi yadda aka gada. In ya zuba gishiri a gora ya gasa, ya naɗe a ganye, ɗaurinsa daban ne, ko a kasuwar wani gari ka ga ƙullin ka san na Selutan ne. In ƙulli ɗaya ya karkace sai ya kwance duka ya sake. Ba ya yawan magana, kuma kullum warin hayaƙi yake.

Matarsa Litad 'yar Pa' Turun ce, ƙauyen da ke bayan dutse. A lokacin ba wanda ke tambayar wace ƙasa ce can. Mun dai ji cewa Turawa iri biyu sun raba dutsen a tsakaninsu, amma mu abin da muka sani da ƙololuwarsa shi ne nan ake sauke kaya a cire matsattsaku daga ƙafa. Harshenmu ɗaya da su, cocinmu ɗaya, rabin kakanninmu can aka binne su. Litad mai dariya ce, bakinta ba ya hutawa. Ranar da aka kawo ta ta shinshina shi a gaban mutane ta ce, "Ashe kifin banda aka aura min." Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, abin da ba a saba gani ba.

Da cikinta na fari ya tsufa, ya raka ta gidan uwarta don ta haihu a can. Shirin shi ne in ta yi ƙarfi zai je da samari a ɗauko ta da jaririn, a yi ci da sha. Bai daɗe da dawowa ba yaƙin ya sauko mana.

Yanzu in na ce yaƙin, jikokina Japan suke zato. A'a, na bayansa ne, wanda Indonesiya ta yi da Malesiya lokacin da sunan Malesiyar ma sabo ne a kunnenmu. Wata safiya jirage masu saukar ungulu suka sauka a filin kiwon ɓauna, Turawa da sojojin hayarsu da ake kira Gurka suka fito, suka haƙa ramuka, suka ja waya mai ƙaya. Aka ce daga yau ba mai haye dutse. Aka ce mu 'yan nan ne, mutanen Pa' Turun 'yan can ne. Daga nan suka nemi waɗanda suka san daji, kuma wa ya san hanyoyin dutsen nan kamar mai fataucin gishiri? Suka ba Selutan riga da bindiga, ya zama ɗan jagora. Labarin haihuwar 'yarsa ma a bakin wani maharbi ya ji shi. An sa mata suna Busak.

A shekara ta biyu ya kai wata tawagar soja wani rafi a bayan dutse, inda aka ce sojojin can ke bi. Shi ya nuna musu inda za su kwanta. Da hantsi mutanen suka ɓullo, aka buɗe wuta. Abin da bai sani ba shi ne sojojin can ma sun tilasta wa 'yan ƙauye ɗaukar musu kaya. Da hayaƙi ya lafa ya sauka rafin, ya tarar da Dawat, wan Litad, kwance da buhun shinkafa har yanzu a goye a bayansa. Dawat ne ya karɓi ɓaunayen aurensa, shi ya koya masa kamun kifi da hannu.

Ya dawo Long Siwang bai hau dogon gidan da dukanmu muke zaune a ciki ba. Ya wuce rijiyar gishiri ya kafa bukka. Da na kai masa tuwon shinkafa a ganye ya ce in ajiye daga nesa.

"Yaya, ba kai ka harba ba," na ce.

"Ƙafata ce ta kai su."

"To, yaƙi ne."

"Na sani. Shi ya sa zan jira masu yaƙin."

Ga abin da yake nufi. A wurinmu yaƙi ba ya ƙarewa don an daina harbi. Waɗanda suka kira shi ne za su zauna wuri ɗaya, a yanka ɓauna, a kira sunan kowane mamaci, manyan ɓangarorin biyu su shafa wa juna jinin a hannu, a ci abinci tare. Kafin a yi haka, wanda ke da jini a ƙafa ba ya hawa tsanin gidan mamacin. In ya hau, ciwo zai ɗauki mafi ƙanƙanta a gidan, kuma mafi ƙanƙanta a gidan nan Busak ce. In kuma mabiyi ya yi gaban kansa ya je biyan jini shi kaɗai, to ya mai da abin kisan kai ke nan, ba na yaƙi ba, dangin mamaci kuma dole su rama a kan nasa dangin. Duk mun daɗe da shiga coci, fasto ya zo har bukka ya ce masa waɗannan abubuwan sun wuce. Selutan ya saurare shi da ladabi, ya ce, "Na ji, Fasto. Amma ba da 'yarka za a gwada ba."

Wata rana sojojin suka naɗe kayansu suka hau jiragensu. Suka bar mana gangunan mai, waɗanda Selutan ya yanka ya mai da su tukwanen dafa gishiri, da yadin laimar saukowa da muka ɗinka riguna da shi har ya ƙare. Rediyon makaranta ta ce an yi sulhu a wani babban birni. Selutan ya ware ɓauna mafi kyau a garkensa, ya ce in manya sun iso kada a ce Long Siwang ba ta shirya ba. Ɓaunar nan ta tsufa ta mutu. Ya ware 'yarta.

Mutane suka koma haye dutse, da farko a ɓoye, daga baya a fili. Aka kafa shingen soja a kowane gefe, ana gaisawa da su a wuce. 'Yan can suna kawo shinkafa da ɓauna, suna komawa da sukari da kananzir. Ni kaina na je ya fi a ƙirga. Kowane zuwa Selutan yana ba ni zani, ko sabulu, ko takalmin yarinya da ya auna da zato. Litad ta karɓa ta juya, ta ce, "Ki ce masa yarinya ta fara tafiya." Wata shekarar, "Ki ce masa ta fara famfara." Ita ma ba za ta zo ba, don ba za ta bar uwar da aka kashe wa ɗa ta koma ɗakin wanda ya nuna hanya ba. Tsohuwar kuwa har ta mutu ba ta sake furta sunansa ba, ko da alheri ko da sharri.

Na gaya masa ba wanda ke zancen ramuwa a can. Ya ce shiru ba sulhu ba ne. Na zage shi, na yi kuka, na yi wata biyu ba na kai masa abinci. Kamar da tukunyarsa nake magana.

Da shekaru suka yi nisa, ya yanke shawarar zuwa ya tuna wa gwamnati. Na bi shi, don ban yarda zai gane hanyar ofis ba. Muka gangara garin hakimi a bakin teku, ya sa rigarsa ta jagora da asu ya ci kafaɗarta. Jami'in da muka samu yaro ne mai kirki, ya ba mu kujera, ya sa aka kawo shayi.

"Yallaɓai, na zo in ji yaushe za a zo sulhun yaƙi," in ji Selutan.

"Wane yaƙi, Baba? Na Japan?"

"Na bayan dutse."

Yaron ya ɗan yi tunani, sannan fuskarsa ta washe. "Oho, wannan. Mun karanta shi a aji. Ai Baba an gama tun ina rarrafe. Kuma ka san alheri ya zama? Bayansa ne ƙasashen yankin nan suka ga ba riba, suka kafa ƙungiya don kada a sake. Yanzu duk shekara shugabanni na haɗuwa, su ci abinci tare, a ɗauke su hoto sun riƙe hannun juna. Cinikin da kuke yi a dutse ma albarkacin haka ne."

"Madalla. Me aka yanka?"

"Ban gane ba, Baba."

"An kira sunayen waɗanda suka mutu?"

"Ina jin a dunƙule aka yi maganarsu."

"Akwai wanda ya je daga Pa' Turun?"

Yaron bai taɓa jin sunan garin ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya raka mu har ƙofa, ya ce zai bincika. A hanyar dawowa na ce, "To Yaya, ka ji da kunnenka. Sun shirya, sun ƙoshi, sun manta. Saura kai." Ya ce ai yaron ya ce zai bincika. Allah ya sani, da akwai sanda a hannuna a wurin da na buga masa.

Busak da kanta ta zo, tana da wajen shekara ashirin, tare da masu kawo shinkafa. Na kai ta rijiya. Yana tsugune yana kwashe kumfa a kan tukunya, ya ɗago, ya ga fuskar Litad a jikin wata doguwa. Ludayin ya faɗi a wuta.

"Kai ne mai aiko takalman da ba sa shiga?" ta ce.

"Ni ne."

"Inna ta ce ka zo. Kaka ta rasu, ba wanda za ka ji wa kunya."

"Ba kunya ba ce, 'yata. Don ke ne."

"Ni? Dube ni da kyau. Na yi kama da ƙaramar gida? Ni nake goya ƙananan yanzu."

"To, su ne abin jin tsoro ke nan."

Ta juyo wurina. "Gwaggo, haka yake dama, ko hayaƙi ne ya taɓa shi?"

Ya miƙo mata ƙullin gishiri. Ta ce suna da rijiya a garinsu. Ta tafi ba ta kira shi Baba ba. Ranar ce kaɗai na ga ya bar tukunya ta ƙone. Na ji masa zafi, amma ban ba ta laifi ko ƙwaya ɗaya ba.

Abin da ya ɗaga shi a ƙarshe saƙo ne cewa Litad ta kwanta, ƙafafu sun kumbura, ido ya tafi. Ya wuni zaune a bakin bukka. Washegari ya tara maza na gidanmu ya ce zai je ya ɗauki jinin a kansa, in akwai mai tsoron ramuwa ya faɗa yanzu. Samarin suka kalli juna, ba su ma san me ake tsoro ba. Ya kwance ɓaunar da ke jira a lokacin, ban san jika ta nawa ba ce ga ta farko, muka kama hanya.

A Pa' Turun ya tsaya a gindin tsani, igiya a hannu, ya ɗaga murya yadda aka gada. Ya faɗi sunansa da na ubansa, ya ce shi ya nuna hanyar da aka kashe Dawat, ya zo a yi masa abin da ya dace. Baranda ta cika da mutane, yawancinsu yara da matasa, wasu na rufe baki. Lasong, ɗan Dawat, wanda yake goye lokacin da abin ya faru, yanzu kuma shi ke koyarwa a makarantar garin, ya sauko yana gyara tabarau.

"Kawu, sannu da hanya," ya ce. "Mu dai an ce mana Baba a yaƙi ya rasu, kuma ba mu riƙe kowa ba. Hau ka sha ruwa."

"Sai an yi abin da ake yi."

"Me ake yi?"

Aka aika neman tsofaffi. Wanda ya taɓa ganin an yi ya rasu bara waccan. Wani ya ce yana jin hannun dama ake shafawa, wani ya ce goshi. Selutan na tsaye cikin rana, ɓauna na cin ciyawa a gefensa, ya rasa wanda zai karɓi abin da ya yi rabin ransa yana ɗauke da shi. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a tsaye kamar haka ba.

Sai muka ji murya daga ciki. "Ku sauko da ni, tunda shi ba zai hau ba."

Busak da mijinta suka ɗauko ta a tabarma suka ajiye a gindin tsani. Ta rame, amma bakin na nan. Ta shinshina iska ta ce ta san ya iso tun kafin ya yi magana. Ta sa aka yanka ɓaunar, aka tara jini a kwano. Ta kira sunan Dawat da kanta, ta laluba ta kamo hannun Selutan ta shafa masa, ta miƙa nata ya shafa mata.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan. Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya. Jinin nawa ne, ba na gwamnati ba."

"Ba a taɓa jin mace ta yi ba, Litad."

"An taɓa tambayar wata? Ka aiko zani, ka aiko sabulu, ka je har bakin teku ka tambayi yaro. Ni ba ka taɓa aiko Ruran ta tambaye ni ba. Da ka tambaya, da tun Busak na goye na roƙi Inna mun yi."

Daga nan sai ta ce a kama shi ya hau, kada ya faɗo ya ba ta kunya a gaban surukai.

Kwanakin da muka yi a can su ne mafi daɗi da na ga ya yi a duniya. Yana zama gefenta yana ɓare mata tuwo daga ganye, tana tsokanarsa. Tana taɓa fuskarsa ta ce saurayi ta bari, wa ya musanya mata da wannan. Jikokin suka saba da shi, ba kuma wanda ya yi ko atishawa. Busak ta fara ce masa Baba, da farko a daƙile, daga baya ba ta ma lura ta faɗa ba.

Daga nan halinsa ya motsa. Ya ce zai koma ya shirya, don matar da ta je haihuwa ba a barinta gidan iyaye. Dole a je da samari a ɗauko ta, a yi ci da sha. Ɗakinsu na dogon gida ya ruɓe, sai an sake katako. Tunda ba ta iya tafiya, zai sassaƙa kujera mai sanduna a ɗauke ta a kafaɗa.

"Zauna nan, Selutan," ta ce. "Ɗaki ɗaki ne."

"Ba zan daɗe ba. So nake a yi shi daidai."

"Kai da daidai ɗinka."

Na ja shi gefe na ce, "Yaya, ka dubi ƙafafun matar nan. Kada ka tafi." Ya ce kafin shinkafa ta nuna ya dawo. Na yi fushi har na ƙi yi masa magana a hanya, amma na bi shi, don ba zai iya hawan dutse shi kaɗai ba.

Ya yi aiki kamar mai shekara ashirin. Ya sake daɓen ɗaki, ya gyara jinka, ya shirya da samari takwas masu ƙarfi. Kujerar kuwa sau biyu yana warware ta, don wai jinginar ba ta kwanta yadda bayan mai ciwo ke so ba. Yana cikin ɗaure sanda ta ƙarshe da rana tsaka Lasong ya shigo fili, jikinsa duk laka. Ya cire hula tun daga nesa. Ya ce Litad ta cika jiya da yamma, ana jiransa kafin a binne.

Selutan ya gama ɗaurin da ke hannunsa, ya ja ya ga ya yi ƙarfi. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi. Ya sake gwadawa, ya dafa bango, ya zame ya zauna. Hanya wuni guda ce, kuma gawa ba ta jira a ƙasarmu.

Samarin na tsaye suna kallonsa. Ni ce na ce su ɗora shi. Suka ɗaga shi suka zaunar a kujerar, suka saɓa sandunan a kafaɗa, muka kama hanyar dutse. Bai yi kuka ba. A haka muka kusa ƙololuwar dutsen. A nan ne ya jingina da baya, ya shafa hannun kujerar, ya ce da ni a hankali, "Ruran, da ta ji daɗinta. Ba ta girgiza ko kaɗan."